A Ƙwato Tattaki Daga Hannun 'Yan Siyasa: Kira Ga Matasan Baure

A watan Afrilun 2015, jim kaɗan bayan an sanar da cewa Muhammadu Buhari ya lashe zaɓen shugaban ƙasa, wani matashi ɗan asalin jihar Katsina mai suna Suleiman Hashimu ya tashi daga Legas ya nufi Abuja a ƙafa. Kwana 18 ya yi a hanya, ya ci kusan kilomita 750, domin cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa tun kafin zaɓe. Buhari ya karɓe shi hannu bibbiyu, jaridu suka cika da hotunansa. Kafin a ce kwabo abin ya zama yayi. Abubakar Duduwale ya taso daga Yola, Dahiru Buba ya taso daga Gombe, can kuma Oladele Nihi ya kama hanyar Otuoke daga Abuja don jinjina wa Goodluck Jonathan kan amincewa da shan kaye.

Tun daga lokacin, ba a gama wani babban zaɓe a Najeriya ba tare da an ga mai tattaki ba. Salon ɗaya ne: riga mai hoton ɗan takara, tuta a kafaɗa, hotuna a Facebook, sannan a ƙare a ƙofar gidan gwamnati ana jiran a ce a shigo. Wasu sun dace, wasu sun koma gida da kumburin ƙafa kawai. Dahiru Buba sai da ya shekara biyar yana fama da ciwon ƙafa kafin kukansa ya kai kunnen Gwamna Inuwa Yahaya, wanda ya ba shi mota da naira miliyan biyu a 2020.

Ba wanda zai raina juriyar waɗannan mutane. Duk wanda ya taɓa yin yini guda cur yana tafiya a kan kwalta da zafin bazara ya san ba wasan yara ba ne. Abin takaicin yana wani wuri. Mutum ya ratsa ɗaruruwan ƙauyuka, ya sha ruwan rijiyoyinsu, ya kwana a masallatansu, amma da ya iso ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani. Ina ne gada ta karye? Wace makaranta ce ba ta da rufi? Wa ya ba shi abinci alhali bai san shi ba? An mayar da hanya abin da ake jurewa kawai don a kai ga babban mutum, bayan kuwa hanyar ita ce ribar tafiyar. Lokaci ya yi da za a ƙwato tattaki daga hannun siyasar taya murna, a mayar da shi abin da kakanni suka sani: tafiyar ayari, ta abokai, mai tsari da manufa. Kuma babu inda ya fi dacewa a fara irin ƙasar Baure.

Baure tana gabashin masarautar Daura, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa, ta jingina da jihar Jigawa ta wajen Babura. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 197,425 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 707. Ta Babban Mutum ake ƙetarawa zuwa Magarya, kuma ga mutanen yankin wannan iyaka ba ta raba dangi ba. Akwai mai gona a nan, surukai a can. Ana ɗaurin aure a wannan ɓangare, a kai amarya wancan. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci ne suka tsaya. Masu zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa sun ci gaba da bin burtali da turbar da suka gada.

Tarihin garin ma da tafiya ya fara. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura a zamanin jihadi, wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu da jama'arsa suka fita, gidan sarautar ya yi ta ƙaura shekara da shekaru kafin rassansa su kafu a Zango da Baure. Sai a farkon ƙarni na 20 Turawa suka mayar da Malam Musa na Zango kan gadon Daura. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta littafi guda, wanda ya fito a 1978, kan yadda Daura da Zango da Baure suka zauna a matsayin sarautu uku a ƙarni na 19. Yau yaro zai gama sakandare a Baure bai taɓa taka hanyar da ta haɗa garuruwan uku ba, sai dai ya wuce ta a guje a bayan babur.

Wanda yake son ya san yadda ake ratsa ƙasa da ƙafa cikin jama'a, ya dubi fatake. A ƙarni na 19 ayarin Kano da Katsina yakan tashi da kanwa, da tufafin saƙi, da jar fata, da busasshiyar albasa, ya nufi Gwanja sayen goro. Sai ya ƙetare kogin Kwara, ya bi ta Bargu, ya ratsa Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Zuwa kaɗai wata biyu ne ko uku. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa, maza da mata, sun kai dubu, ga dabbobin kaya kwatankwacin haka.

Taro irin wannan ba ya tafiya da ka. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe, shi ke shiga fadar kowane sarki ya daidaita kuɗin fito. Akwai jagaba, mai yin gaba ya dubo hanya da mashaya da wurin sauka. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai jan salla da rubuta wasiƙa da riƙe lissafi. Ana tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta ƙwalle. Wanda ya gaza ba a barinsa a daji. A rage wa jaki kaya a ɗora shi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan tsari suka yi suna, kuma daga cikinsa Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya koyi kasuwancin da ya mayar da shi attajirin da babu kamarsa a zamaninsa. Malamai ma sun bi sawu: Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi zama a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934 bayan ya karantar da ɗalibai masu yawa. Unguwannin Hausawa da ake gani yau a Kumasi da Accra, da Sabo ta Ibadan, duk 'ya'yan wannan tafiya ne.

Ta gabas kuma akwai hanyar hajji. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyaci yakan sallami iyali kamar ba zai dawo ba, ya bi ta Barno, ya shiga Chadi, ya ratsa Darfur da Kordofan har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Da yawa sukan shekara biyar ko fiye, suna tsayawa suna noma ko ɗinki don tara guzuri. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba, shi ya sa har gobe ake jin Hausa a kasuwannin Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

Kada kuma a ce harkar maza ce zalla. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jaji, dattijuwa mai malafa, take jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su tako da ƙafa su ɗauki karatu, su koma su karantar da na gida.

Duk waɗannan matafiya abu ɗaya ya haɗa su. Ba wanda ya fita don a gan shi. Sun fita neman halali, ko ilimi, ko sauke farali, kuma sun dawo da sanin ƙasa da mutanenta: wane gari ke da ruwan daɗi, wane sarki ke da adalci, yaya ake gaida dattijo da Dendanci ko Dagombanci. Irin wannan sani ne ya yi ƙaranci yau, duk da waya tana hannun kowa. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 don matasa su san juna bayan yaƙin basasa, amma yanzu iyaye da yawa ƙoƙarinsu shi ne a dawo musu da ɗa kusa da gida. Matashin Katsina ya fi sanin 'yan wasan Ingila da Sifen fiye da sunayen gundumomin ƙaramar hukumarsa.

Akwai masu cewa wannan magana ce ta ƙoshi, kuma ƙorafinsu yana da tushe. A ƙauyukan Baure tafiyar ƙafa ba wasanni ba ce. Mace na yin ta da tulu ko jarka a ka, yaro na yin ta zuwa makarantar da ke wani gari, mai ciki na yin ta zuwa asibiti idan ba a samu babur ba. Da an gama girbin gero da wake, 'yan ci-rani su ɗaure ƙunshinsu su nufi Kano, Abuja, Legas ko Fatakwal. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun koma takawa ba don suna so ba. To, wa zai ce wa irin waɗannan mutane su fito yawon ganin gari?

Amsar ita ce, su ne dalilin tafiyar. Ayarin da ake magana a kai ba na shaƙatawa ba ne. Ɗalibin jami'a da ya zo hutu, da malamin firamare, da ma'aikacin lafiya, da ɗan kasuwar da ya gina gida a birni, idan suka taka hanyar da uwar wani take takawa kullum zuwa rijiya, ba za su sake jin maganar ruwan sha a matsayin labari ba. Gani ya kori ji. Mai mota yana ganin allon kwangila a bakin titi ya ɗauka an yi aiki. Mai ƙafa shi ke isa wurin famfon, ya danna, ya ji iska ce ke fita.

A kwatanta yinin farko. An yi sallar asuba, hunturu na busawa, mutum bakwai ko takwas sun rufe kunne da rawani sun fita ta bayan gari. Rairayin jigawa yana cin ƙafa fiye da kwalta, kafin hantsi kowa ya gane takalmin roba mai sauƙi ya fi na gayu. Karan gero a tsaye, an jingine wasu a jikin gawo, shanu na kiwo a gonakin da aka girbe. Wajen azahar a sauka gindin tsamiya, 'yar Fulani ta sauke ƙwarya ta dama fura, wani ya cire ƙaya, wani ya shafa man kaɗe a faso. Da la'asar sakaliya a isa ƙauye, a nufi ƙofar dagaci, a tuɓe takalma a durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Baure, Daura muka nufa."

"A ƙafa? To, sannunku da hanya. Kai, yaro, kawo musu ruwa. 'Ya'yan wane ne ku a Baure?"

Kafin a idar da isha'i an gano kakar ɗaya daga cikinsu 'yar garin ce. Tuwo ya fito daga gida uku. A zaure, bayan an ci an sha, dattawa za su faɗi abin da ba ya shiga rahoton ofis: shekarar da rijiyar gari ta ƙafe, inda dajin da suke farauta yake kafin ya zama fili, yawan samarin da suka tafi ci-rani ba su dawo noma ba. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa don tare hamada. Wanda ya bi iyakar Baure a ƙafa da littafi a hannu zai iya faɗin inda dashen ya kama da inda awaki suka cinye, kuma shaidarsa ta fi ta wanda ya zo da tawaga ya yi awa guda.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: tsaro. A nan ba a ɓoye-ɓoye. Ba mai hankalin da zai ce wa samari su kama hanyar Batsari, Safana, Ɗanmusa ko Faskari a ƙafa a halin da ake ciki. Ba a manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba. Ba a manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal ba, mutanen da laifinsu shi ne baƙunta. Ƙasar Daura ta fi yammacin jihar kwanciyar hankali, amma ita ma ta ɗanɗana, tun da har cikin gari aka shiga aka ɗauki Magajin Garin Daura a Mayun 2019. Ratsa Najeriya daga Babban Mutum zuwa bakin teku, a yau, buri ne da sai an yi masa tanadi mai yawa.

Sai dai wannan ma hujja ce a kan masu mulki. Falke ya yi wata uku a hanya cikin ƙasashen da ba sarki ɗaya ke mulkinsu ba, ya kai kayansa ya dawo, saboda kowane sarki ya san tsaron hanya shi ne arzikinsa da mutuncinsa. Idan a ƙasa mai tuta ɗaya da soja da 'yan sanda abokai takwas ba za su iya takawa daga Baure zuwa Funtuwa ba, to duk wani jawabi kan samun sauƙin tsaro sai a auna shi da wannan. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura, an kafa jami'ar sufuri a garin, duk abin so ne. Amma talaka ya fi buƙatar turbar da zai bi da dare bai waiwaya ba.

Wasu ƙasashe sun gane darajar wannan tun tuni. A Sifen, hanyar ziyara ta Santiago tana karɓar mutum fiye da 400,000 a shekara. Matafiyi yana riƙe da ɗan littafi da ake buga masa hatimi a kowane masauki, kuma sai ya taka aƙalla kilomita 100 kafin a ba shi takardar shaida. Ƙauyukan da suka kusa zama kufai sun farfaɗo da sayar da abinci da wurin kwana. A Indiya, Gandhi ya fita da mutum 78 a Maris ɗin 1930, suka yi kwana 24 suna tafiya zuwa bakin teku don ƙin dokar gishiri, kuma kowane ƙauyen da suka sauka ya zama wurin wayar da kai. Ɗan jaridar Amurka Paul Salopek ya fara takawa daga Habasha a Janairun 2013 yana rubuta labarin talakawan da yake tararwa. Babu ɗayansu da ya ƙare tafiyarsa a layin jiran kyauta.

Masarautar Daura tana da duk abin da ake buƙata. Ƙananan hukumominta biyar ne: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, kuma ana iya zaga su a ƙafa cikin mako guda ba tare da an wahalar da kai ba. A tashi daga Baure, a kwana a Zango, a ratsa Sandamu, a shiga Daura a sha ruwan rijiyar Kusugu, a ƙarasa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, cikin sanyi, sa'ad da rumbu ke cike kuma makarantu ke hutu. Idan wata shekara Sallar Gani ta faɗo a daidai lokacin, sai a tsara isowa ta dace da hawan.

Sharuɗɗan kuwa fatake sun riga sun rubuta su. Ayari ya kasance da madugu da kowa ya yarda da shi, da jagaba da zai riga zuwa ya sanar da dagaci, da mai riƙe kuɗi, da mai riƙe alƙalami. A sanar da hakimi da 'yan sanda tun kafin a tashi. Ba tafiyar dare. A tafi da mai sanin taimakon gaggawa. A riƙe guzuri don kada a zama nauyi a kan masu masauki, a kuma bar musu wani abu, ko da littattafai ne ga makarantar garin. 'Yan mata su yi nasu ayarin na yini guda tare da malamansu mata, kamar yadda 'yan taru suka yi. Sharaɗi mafi muhimmanci: ba hoton ɗan takara, ba tutar jam'iyya, ba karɓar ambulan.

Fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, za ta iya sauƙaƙa abin da takarda guda zuwa ga hakimai da dagatai, ta ce a sauki waɗannan yara a buga musu hatimi. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari su ɗauki nauyin shiryawa. Ƙaramar hukuma kuma aikinta ya zo a ƙarshe: ta ba da zaure, ta zauna ta saurara. Mai alƙalamin ayari ya tashi gaban kansiloli da shugaban ƙaramar hukuma ya karanto abin da aka gani, gari bayan gari, famfo nawa ke aiki, aji nawa ke da malami, asibiti nawa ke da magani, a ba gidan rediyo kwafi. Baɗi war haka wani ayarin ya bi turbar da littafin bara a hannu, ya tsaya a kowane famfo ya sake dannawa, ya rubuta wanda aka gyara da wanda aka bari.